Bishop Hill: Coci da Makarantar da Mutanen Suwidin Suka Bari a Tsakiyar Gonakin Masara

Daga Shikago zuwa Bishop Hill tafiyar kusan awa uku ce a mota, kana fuskantar yamma. Da zarar ka bar unguwannin bayan birni sai ƙasa ta shimfiɗe, ba tudu ba dutse, masara da waken suya iya ganinka. Lokacin kaka muka je, injinan girbi suna ta tayar da ƙura a gonaki, ga manyan fankokin samar da lantarki suna juyawa a hankali a samansu. Bayan garin Galva sai ka saki babban titi ka bi wata siririyar hanya, kuma idan ba ka lura da allo ba za ka iya wuce mahaɗar ba ka sani ba. Mutanen da ke zaune a ƙauyen yau ɗari da 'yan kai ne. Amma da ka shiga sai ka ga gine-ginen jan bulo masu hawa biyu da uku sun kewaye wani dandali mai itatuwa, irin ginin da ya fi ƙarfin ƙauye. Nan take za ka gane cewa an taɓa yin jama'a a nan, kuma jama'ar da ke da babban buri.

Wani abokin aikina ne, wanda kakanninsa suka fito daga Suwidin, ya dame ni da zancen wurin har na shirya. Na tafi da ɗiyata Ummi, wadda a nan Amurka aka haife ta. Tana jin Hausa sarai, sai dai in ka yi mata magana da ita, da Turanci take mayar maka. Wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma da shi a raina na shiga garin.

Kafin a gane coci da makarantar Bishop Hill, sai an koma Suwidin ta shekarun 1840. A lokacin cocin Lutar, wato na mabiya koyarwar Martin Luther, shi ne cocin gwamnati, kuma kowane ɗan ƙasa ɗan cocin ne, ya so ko ya ƙi. Tun dokar coci ta 1686 aka ɗora wa iyaye nauyin koya wa 'ya'yansu karatu, fasto kuma yana zagayawa gida-gida yana jarraba manya da yara, yana rubuta sakamakon kowa a littafi. Saboda haka manomin Suwidin, ko takalmin kirki ba shi da shi, yana iya buɗe Littafi Mai Tsarki ya karanta da kansa. To wanda ya iya karantawa da kansa, wata rana zai fara tambaya da kansa. Hukuma ta san da haka, shi ya sa tun 1726 ta kafa dokar da ta haramta taruwa a gida don ibada ba tare da fasto ba. Duk da haka a ƙauyukan arewa, musamman yankin Hälsingland, mutane suka ci gaba da haɗuwa a ɗakunan juna suna karatu da addu'a.

Cikin waɗannan tarurruka wani manomi mai fataucin garin alkama, Erik Jansson, ya samu masu sauraro. An haife shi a 1808 a Biskopskulla, kuma sunan mahaifar tasa aka juya zuwa Turanci aka raɗa wa ƙauyen nan na jihar Ilinoi. Ya ce Allah ya warkar da shi daga ciwon gaɓɓai yana tsakiyar aikin gona, ya kuma koyar da cewa mai bi na gaskiya ya rabu da zunubi kwata-kwata. A 1844 shi da mabiyansa suka tara littattafan addini, har da na Martin Luther, suka cinna musu wuta a bainar jama'a, suna cewa Littafi Mai Tsarki kaɗai ya isa. Aka yi ta kama shi ana saki, ana jifan gidajen da suke taruwa, ana cin mabiyansa tara. Daga ƙarshe ya tsallaka duwatsu cikin ƙanƙara ya shiga Nowe, ya bi ta teku ya sauka Amurka a 1846.

Mabiyansa fiye da dubu suka bi sawunsa. Masu gonaki suka sayar, aka zuba kuɗin a asusu ɗaya, aka biya wa talakawa kuɗin jirgi, aka biya bashin masu bashi. Ɗaya daga cikin jiragen ruwan ya nutse da mutanen cikinsa. Waɗanda suka tsira suka sauka Niyok, suka bi kogi da mashigin ruwa na Erie da manyan tafkuna har Shikago, daga nan akasarinsu suka taka da ƙafa. Hanyar da muka cinye cikin awa uku muna shan iskar mota, su kwanaki suka yi a kanta, da kaya a ka da yara a hannu, sanyi yana ƙaratowa.

Da suka iso babu gidaje. Sai suka haƙa ramuka a jikin wani kwari, suka tokare da gungume, suka rufa da ƙasa, mutum ashirin zuwa talatin a rami ɗaya, gadaje a jere bisa juna. A hunturun farko mutum 96 suka mutu. Na tsaya a gefen dandalin ina kallon ciyawa kore shar da aka aske tsaf, na kasa haɗa ta da wannan labari. Wanda ya taɓa ɗanɗana sanyin Janairu a Ilinoi, irin wanda ke shiga ƙashi ko kana cikin riga uku, shi zai san abin da ake nufi da kwana a rami mai danshi da ciki ba abinci.

Cocinsu na farko na gungume ne da tamfol, an yi shi da siffar gicciye, kuma gobara ta cinye shi. Wanda ke tsaye yanzu a 1848 aka gina shi. Fari ne, na katako, rufinsa mai karyewa biyu, ba hasumiya, ba gilashi mai launi, ba wani ado. Ummi ta ɗauka rumbun ajiyar hatsi ne har sai da ta karanta allon da ke gabansa. Wata dattijuwa mai kula da wurin ta tarbe mu da fara'a, ta fara kai mu ƙasa kafin sama, ta ce sai mun ga inda aka kwana kafin mu ga inda aka yi ibada.

Hawan ƙasa da na ƙarƙashinsa ɗakuna ne, goma-goma, kowane ɗaki na iyali guda. Na shiga ɗaya na auna da ƙafa: taku kaɗan ka kai bango. Gado, akwatin katako mai fenti irin wanda suka ɗauko daga gida, kujera, injin kaɗi na ƙafa a lungu. Ba murhun girki, domin ba a girki a ɗaki. Kowa a babban zauren cin abinci yake ci, maza a teburinsu, mata a nasu. Da farko Jansson ya hana aure saboda ba wurin da za a sa amare. Da aka samu ɗakuna a 1848 sai ya buɗe ƙofa, aka riƙa ɗaura aure rukuni-rukuni a rana ɗaya. Wato hatta ranar da mutum zai yi iyali, mumbarin da ke saman kansa ne ke yanke ta.

Sai muka hau bene. Zauren ibadar ya ba ni mamaki, domin daga waje ba za ka zaci yana da wannan faɗin ba. An ce yana ɗaukar kusan mutum dubu. Haske yana shigowa ta tagogi dogaye ya zuba a kan bencina na wani katako mai duhu da suka sassaƙa da hannu. Na shafa hannun benci ɗaya, ya yi sumul, ya ɗan lotsa a inda tafin hannu ke sauka. Wani shinge na katako ya raba zauren gida biyu daga gaba har baya, maza a ɓangare ɗaya, mata a ɗayan. Fitilun da ke rataye na katako da ƙarfe ne, aikin maƙeran garin, kyandir ake dasa musu. A zamanin Jansson sau biyu ake taruwa a ranakun aiki, sau uku ran Lahadi, kuma wa'azinsa yakan ɗauki awanni. Mutumin da ya wuni yana yankan alkama da lauje, a kan wannan benci mai miƙaƙƙen baya zai zo ya zauna ya saurara.

Ummi ta zauna a ɓangaren mata, ta leƙo ni ta saman shingen. Ta ce, "Baba, in mutum bai yarda da abin da ake faɗa ba fa, ina zai je?"

Dattijuwar ta riga ni amsawa. Ta ce ƙofa a buɗe take, amma wanda ya fita da hannu biyu zai fita, domin gonarsa ta Suwidin ta riga ta narke a asusun jama'a, ga shi bai iya Turanci ba.

A nan ne zuciyata ta rabu biyu game da mutumin nan, kuma har yanzu ba ta haɗu ba. An zalunce shi a ƙasarsa, wannan ba shakka. Ba daidai ba ne a ɗaure mutum don ya tara maƙwabta sun yi addu'a a ɗakinsa. Amma da ya samu nasa garin, sai ya zama shi ne fasto, shi ne alƙali, shi ne ma'aji. Ya rubuta nasa littafin akida da nasa littafin waƙoƙin ibada, bayan ya ƙona na wasu. Har ciwo ma yakan ce raunin bangaskiya ne ke kawo shi. Da kwalara ta shigo a 1849 ta kashe mutum fiye da ɗari, cikinsu har da matarsa da wasu daga cikin 'ya'yansa. Ina tausayin waɗanda suka binne nasu a wannan shekara, ga zafin rashi, ga zargin cewa imaninsu ne bai kai ba.

Ajalinsa ta hanyar rikicin aure ya zo. Wani ɗan Suwidin mai suna John Root, wanda ba ɗan ɗariƙar ba ne na asali, ya auri 'yar'uwar Jansson, Charlotta. Da ya so barin garin da ita, jama'a suka tsaya a kan cewa ba za a tafi da ita dole ba. Aka yi ta ɗauke ta ana dawo da ita, har mutanen ƙauyukan kewaye suka taso za su ƙona garin. Ranar 13 ga Mayu, 1850, a cikin kotun garin Cambridge, hedikwatar gundumar Henry, Root ya harbe Jansson har lahira. Mabiyansa suka ajiye gawar kwana uku, da yawansu suna jiran ya tashi. Da bai tashi ba suka binne shi, suka koma gona.

Abin da mutane da yawa ba sa tsammani shi ne, bayan mutuwarsa ne garin ya bunƙasa. Jonas Olson, ɗaya daga cikin manyan mabiyansa, wanda aka tura Kalifoniya neman zinariya, ya dawo ya karɓi ragama, a 1853 kuma gwamnatin jiha ta ba su takardar rajista da amintattu bakwai. Gonakinsu suka kai kusan eka 12,000. Suna saƙa yadin lilin, suna noma dawar tsintsiya suna ɗaure tsintsiya suna kaiwa kasuwanni masu nisa, suna ƙona bulo da kansu. Akasarin manyan gine-ginen da ke kewaye da dandalin na wannan zamani ne, har da mai hasumiyar agogo na 1854, wanda agogonsa hannun awa kawai gare shi, ba na minti.

Wanda yake son ya ga yadda rayuwar ta kasance, ya shiga gidan tarihin da ke bakin gari ya kalli zanen Olof Krans. Yana ɗan shekara 12 iyayensa suka kawo shi a 1850, ya yi kiwon shanun noma, da ya tsufa kuma sai ya zauna ya zana abin da idonsa ya gani yana yaro. Na daɗe a gaban wani zane na shukar masara. Mata ne a jere, sahu guda daga wannan gefe zuwa wancan, kowace da sandar shuka a hannu da jakar iri a ƙugu, kaya iri ɗaya, ɗankwali iri ɗaya, an ja igiya a gabansu don kada layi ya karkace. Bayansu fili ne da sama, ba komai. Aikin gayya ne, amma gayyar da ba ta watsewa da yamma. Akwai wani kuma na mata suna jan igiyar wani gungume suna kafa turakun gada. Fuskokin dattawan da ya zana kuwa, ba mai murmushi ko ɗaya. Idanu shuɗɗa, a buɗe, suna kallonka kai tsaye.

Muka ci abincin rana a wani ɗan gidan abinci. Ƙwallon naman da aka san 'yan Suwidin da shi akan haɗa shi da naman alade, saboda haka muka tsaya a kan burodin hatsin rai da man shanu da wani jan matsattsen 'ya'yan itace mai ɗan tsami, muka bi da kofi. Na yi azahar a kan ciyawar dandalin, kusa da mutum-mutumin soja, ba wanda ya ko ɗaga kai. Daga nan muka gangara makaranta, wadda ita ce ainihin abin da ya kawo ni.

Ginin jan bulo ne madaidaici, nesa kaɗan da tsakiyar gari. A 1861 aka gama shi, kuma yana cikin na ƙarshe da jama'ar suka gina da kuɗin asusu ɗaya. A shekarar ce kuma tarayyar ta watse. Amintattun sun riga sun ɓata wa mutane rai a tsakiyar shekarun 1850 da suka sake hana aure, har wasu suka kwashe nasu-ya-nasu suka bar gari. Ɗaya daga cikin amintattun, Olof Johnson, ya zuba dukiyar jama'a a harkokin banki da layin dogo da sauran cinikayya, karayar tattalin arziki ta 1857 ta zo ta yi awon gaba da ita. Aka raba gonaki da gidaje kashi-kashi, shari'ar bashi kuma ta ja shekaru fiye da goma tana cin abin da ya rage. Iya ruwa fidda kai. Wasu suka shiga cocin Methodist, wasu suka bi 'yan Adventist masu kiyaye Asabar, wasu suka bar zuwa ko'ina. Babban zauren nan mai ɗaukar mutum dubu ya yi ta raguwa har ya koma wurin tsofaffi ƙalilan. A 1861 ɗin dai samarin garin suka kafa rundunarsu suka shiga yaƙin basasar Amurka a ɓangaren Arewa, cikin runduna ta 57 ta Ilinoi, suka yi yaƙi a Shiloh. Sojan dutsen da na yi salla kusa da shi, nasu ne.

Karatu a Bishop Hill bai jira wannan gini ba. Tun suna cikin ramuka aka fara koyar da Turanci, domin Jansson ya zaɓi samari goma sha biyu da yake son ya aika su su yi wa Amurka wa'azi, kuma ba a wa'azi da harshen da mai sauraro ba ya ji. Yara ma aka sa su a aji, matar da ya aura daga baya, Sophia Pollock, tana cikin masu koyarwa. Amma karatun an yi masa iyaka: a iya karatu da rubutu da lissafi, sannan a tafi gona ko masaƙa. Shugabannin suna tsoron ilimi mai zurfi, suna ganin girman kai yake haifarwa. Sun buɗe ƙofar Turanci don saƙonsu ya fita, sai duniya ta shigo ta wannan ƙofa. Yaron da ya iya karanta jarida, ya iya ciniki a Galva ba tafinta, ya iya karanta takardar rajistar garinsu ya ga abin da amintattu ke da iko da shi da abin da ba su da shi, ba za ka sake tsorata shi da cewa in ya fita zai ɓata ba.

Tarayyar shekara 15 ta yi. Makarantar kuwa an yi karatu a cikinta daga 1861 har 1953, shekara 92. Yanzu ƙungiyar zuriyar mazaunan farko ce ke riƙe da ginin, suna taro a ciki.

Mun ci sa'a mun tarar da ƙofa a buɗe, wani dattijo da hular hana-salla yana jera kujeru. Da ya ga muna leƙe sai ya yafito mu. Ya haura tamanin, hannayensa irin na wanda ya ƙare rayuwarsa a kan tarakta. Ya ce a ɗakin nan ya koyi haruffa, yana cikin na ƙarshe-ƙarshen da suka yi karatu a ciki. Ya nuna mana da ƙafa daidai inda teburinsa yake, kusa da taga, ya ce da hunturu wanda ke kusa da murhu zufa yake yi, na bakin taga kuma yatsunsa ba sa iya riƙe fensir.

Na ce, "Baba, kana jin harshen Suwidin?"

Ya yi dariya ya girgiza kai. Ya ce abin da ya rage masa bai wuce addu'ar cin abinci da sunayen wasu abinci da gaisuwar Kirsimeti ba. Kakarsa da shi take mafarki, in ji shi. Mahaifinsa yana ji amma ba ya mayarwa. Su kuma in suka ji manya sun juya harshe, sun san ana maganar da ba a son yara su ji ne. Sai ya tsaya, ya dafa bayan kujera, ya karanto mana addu'ar, 'yan layuka masu amo kamar waƙa, yana lumshe ido don kada wata kalma ta kuɓuce masa. Da ya gama Ummi ta tambaye shi ma'anarta. Ya faɗi ta farkon, ya ce sauran dai godiya ce ga Allah.

Ban ce komai ba, amma “yana ji ba ya mayarwa” ta tsaya mini a maƙogwaro, domin mai irin wannan hali tana tsaye a gefena. Dattijon ya juya ya tambaye ta ko tana jin yaren babanta. Ta ce tana ji. Ya ce to ta riƙa mayarwa, domin shi babu sauran wanda zai tambaya.

Kada a ɗauka laifin makaranta nake gani. Makarantar nan ita ta fitar da 'ya'yan mutanen rami ta mai da su manoma masu gonar kansu da malamai da 'yan kasuwa, ita ta ba su bakin da za su tsaya a kotu su nemi haƙƙinsu. Da ni ne uba a garin a 1861, da hannuna zan kai ɗana. Abin da na gani shi ne, harshen ya rasa gidan da zai zauna. A zangon Hausawa na Kumasi ko Yawunde, masallaci da makarantar allo da kasuwa duk da Hausa suke numfashi, kuma kullum ana samun sabon baƙo daga gida, shi ya sa jikan jika yake tashi da ita. A Bishop Hill harshen Suwidin a jikin cocin Jansson aka ɗaure shi, da cocin ya faɗi sai ya bar shi a ɗakin girki wurin kakanni.

Don in ga ko waɗanda ba su bi Jansson ba sun fi su sa'a, sai muka biya ta Andover a hanyar komawa, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba. A can ne fasto Lars Paul Esbjörn, wanda ya zo a 1849 da nasa ayarin, ya kafa ikilisiyar Lutar a 1850 da mutum goma. Mawaƙiyar nan ta Suwidin, Jenny Lind, tana rangadi a Amurka a lokacin, ta ba shi gudummawar dala 1,500, shi ya sa ɗan cocin ke ɗauke da sunanta. Shi ma ba shi da hasumiya: katakon da aka tanada don ginin, akwatunan gawa aka yi da shi da kwalara ta zo, ɗakin ƙasa kuma ya zama masaukin baƙi da majinyata. Waɗannan ba su watse ba. Sun haɗu da sauran ikilisiyoyi suka kafa majalisar Augustana a 1860, suka kafa kwaleji wadda yanzu take Rock Island, suka riƙa buɗe ajin harshen Suwidin da akida a lokacin hutun bazara. Babban cocin da suka gina daga baya a Andover har yau ana ibada a cikinsa.

Sun riƙe harshen ya fi na Bishop Hill daɗewa, amma su ma ya tafi. Lokacin yaƙin duniya na ɗaya aka tsananta wa duk mai magana da baƙon harshe. A maƙwabciyar jiha Iowa, gwamna ya fitar da sanarwa a 1918 da ta hana amfani da kowane harshe ban da Turanci a makaranta da coci da wayar tarho. Dokar ƙayyade baƙi ta 1924 ta rage masu zuwa daga gida. Cikin ƙarni guda mutum fiye da miliyan ɗaya suka bar Suwidin zuwa Amurka, amma da rafin ya ƙafe, wa'azi ya koma Turanci coci bayan coci. Ita kuwa dokar hana taron ibada da ta kori su Jansson, Suwidin ta soke ta a 1858, shekara 12 kacal bayan tafiyarsu. A 1976 sarkin Suwidin da kansa, Carl Gustaf na 16, ya zo Bishop Hill ziyara, ƙauyen waɗanda hukumar kakanninsa ta ɗaure.

Da muka dawo Shikago na kai maganar gaban 'yan'uwa a taronmu na wata-wata. Muna da Islamiyya ta ranar Asabar, yaranmu suna haddace surori suna koyon Larabci, amma bayanin da malam ke yi musu da Turanci ne, wasan da suke yi a tsakar gida ma da Turanci. Na ba su labarin dattijon da addu'arsa, na roƙi a ƙara awa ɗaya bayan an tashi, ta karatu da rubutun Hausa da tatsuniya. Wani dattijonmu ya ce, "Malam, yaran nan sun gaji da makaranta kwana biyar, ka bar musu Asabar ɗinsu." Wata Hajiya ta ce ita za ta koyar kyauta in an samo littattafai daga Zariya. An amince a gwada. Abin da ake ta ja-in-ja a kai yanzu shi ne wace Hausar za a sa a allo, domin a cikinmu akwai Bakano, akwai mutumin Damagaram, akwai 'yan zangon Accra, kuma kowa yana son ɗansa ya yi magana irin ta kakarsa.